Filinge: Yadda ake sabunta ƙafafun tsohuwar mota a ƙofar gida

Daga Yamai zuwa Filinge tafiya ce ta kimanin kilomita 180 a kan hanyar RN25, ta Balleyara da Bonkuku. Wanda ya sauka daga babbar hanyar ya nufi ƙauyukan Kurfai da ke gefen kwarin Dallol Bosso zai haɗu da yashi, burji da gargada, da damina kuma ga ƙoramu masu yanke hanya. A irin wannan ƙasa, abin da ke fara gajiya a jikin mota shi ne ƙafa, wato sifirin da shokozoba da robobi da mahaɗan ƙarfe da ke tsakanin taya da gangar jikin mota.

Yawancin motocin da ke jigilar mutane, gero, wake da dabbobi a yankin tsofaffi ne: Hiace, Hilux, Land Cruiser, da ragowar Peugeot 504 da 505 da har yanzu ba su yi ritaya ba. Mai irin wannan mota ba kullum yake da kuɗin kai ta babban gareji a Yamai ba, shi ya sa da yawa ke yin aikin ƙafa a ƙofar gida, su da wani bakanike ko yaron mota. Aikin yana yiwuwa, amma yana da ƙa'ida, kuma tsallake ta kan jawo asarar rai.

Dalilin da ya sa aikin ya ƙara muhimmanci

Abubuwa biyu sun sauya lissafin masu mota a 'yan shekarun nan. Na farko shi ne tsaro. Wasu sassan jihar Tillaberi suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017 saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma a farkon 2020 hukumomi sun hana zirga-zirgar babura a jihar, lamarin da ya ɗora nauyin sufuri a kan motoci. Motar da ƙafarta ta karye a daji da yamma ta jefa fasinjojinta cikin haɗarin da ya wuce na ɓata lokaci.

Na biyu shi ne kayan gyara. Tun bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 da rufe iyakar Nijar da Benin, kayan da aka saba shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Wasu 'yan kasuwa kan sayo daga Maradi ko kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Idan kaya suka yi tsada, mai mota yakan so ya rage kuɗin aiki, nan ne kuma kurakurai ke shigowa.

Motar da ta yi suna da ƙafafunta

Peugeot 504, wadda ake kira Fijo, ita ce misalin da ya fi dacewa. Ta fito a Faransa a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Turai. A fagen tsere ma ta yi fice: Ove Andersson ya lashe gasar Safari ta Kenya da ita a 1975, sannan a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya lashe Safari da gasar Bandama ta Kwaddebuwa da samfurinta na tsere mai ƙofa biyu da inji V6.

Abin da ya ba ta wannan nasara shi ne doguwar ƙafa mai iya lanƙwasawa ta haɗiye rami. A gaba, shokozoba da sifirin mai naɗi suna haɗe wuri guda. A baya kuwa ya danganta da samfuri: wasu samfuran salun suna da ƙafa mai zaman kanta a kowane ɓangare, wagon tana da gatari guda da sifirin mai naɗi biyu a kowane gefe, a-kori-kura kuma, wadda ake kira bashe a Nijar, tana da sifirin mai falle-falle. Don haka abu na farko shi ne mutum ya san irin ƙafar da motarsa take da ita kafin ya je kasuwa.

A gano ciwon kafin a kwance

Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Shokozoba, wadda makanikan Nijar ke kira amortisa, aikinta ta kashe tsallen sifirin domin taya ta zauna a ƙasa. Idan ta mutu, mota za ta riƙa rawa bayan kowane rami, birki kuma ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. Idan ta yi sama da ƙasa fiye da sau ɗaya ko biyu, shokozoba ta gaji. A duba jikinta ko mai yana tsiyaya. A shafa taya: idan ta ci tudu da kwari, alama ce ta tsalle. Daga nan a ɗaga tayar a kama ta sama da ƙasa a girgiza. Motsi a nan yana nuna boljoyin, wanda ake kira rotil, ko kuma boris. A kama ta hagu da dama. Motsi a nan yana nuna sandar sitiyari. A ƙarshe a sa ƙarfe a bincike robobin hannuwan ƙafa. Roba mai tsagewa, ko wadda baƙin mai ya jiƙa har ta yi laushi, ta gama aiki.

Yadda ake aikin

Kwana ɗaya kafin aiki a wanke ƙarƙashin mota a zuba man sassauta tsatsa ko gas a kan notuna. A zaɓi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Ƙasar Filinge yashi ce, saboda haka a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, a tokare tayoyin da ke ƙasa, sannan a ɗora motar a kan maɗauran ƙarfe ko gungumen itace mai ƙwari. Jak na ɗagawa ne kawai. Bulon siminti kuma yakan fashe ba tare da gargaɗi ba, bai kamata mutum ya shiga ƙarƙashin motar da ke kansa ba.

A yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, domin wanda ba a kwance ba ya zama abin dubawa. Hoto da wayar hannu kafin cire kowane ƙarfe yana hana mantuwa.

Wuri mafi haɗari shi ne sifirin mai naɗi na gaba. Yana matse ne da ƙarfin da ya kai na ɗaukar kusurwar mota, kuma duk wanda ya kwance notin sama ba tare da ya kama shi da ƙarfen matse sifirin ba, zai iya tashi ya same shi a fuska ko ƙirji. Igiya da waya ba sa maye gurbin wannan ƙarfe. Wanda ba shi da shi ya ciro ƙafar gaba ɗaya ya kai wa mai shi. Haka kuma ba a kusantar da wuta ga shokozoba, domin akwai mai a cikinta, wasu ma har da iskar gas.

Shokozoba da sifirin ana sauya su ne biyu-biyu, hagu da dama. Sabuwa a gefe ɗaya da tsohuwa a ɗayan kan sa mota ta karkata a kwana. Notunan da ke ratsa roba kuma ba a ɗaure su tamau sai an sauke mota ta tsaya da nauyinta. Idan aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta tsage cikin ɗan lokaci, mai mota ya ɗauka jabu aka sayar masa.

Dabarun da ke cin mai su

Akwai dabaru uku da suka zama ruwan dare. Na farko, walda a kan fallen sifirin da ya karye. Zafin walda yana kashe taurin ƙarfen, sai ya sake karyewa kusa da wurin, galibi lokacin da mota ke ɗauke da kaya. Na biyu, ƙara falle domin a ƙara lodi ranar kasuwa, kamar ta Lahadi a Balleyara. Bayan motar zai daina zama, amma gatari, boris, taya da birki suna nan yadda kamfani ya yi su, su ne kuma za su biya bashin. Na uku, yanka tsohuwar taya a yi roba da ita. Wannan yana iya fitar da mutum daga daji, amma ba gyaran dindindin ba ne.

A wajen sayayya ma araha ba ta ado. Shokozobar da aka ciro daga wata mota a riƙe ta a tsaye a ja a tura da hannu: dole ta yi tauri daga farko har ƙarshe, ba tare da wani gurbi mai sako-sako ba. Boljoyin kuwa gara a sayi sabo, domin idan ya fita taya na kwantawa ne nan take, sitiyari ya daina aiki.

Bayan an haɗa

Duk wanda ya taɓa ƙafar gaba ya taɓa saitin taya. Ana iya daidaita shi da zare da ma'auni domin a samu a motsa, amma a tafiyar farko zuwa Yamai a kai motar wurin masu saiti da na'ura, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya. A fara gwaji a hankali ba tare da fasinja ba, ana sauraron ƙara. Bayan tafiyar farko mai nisa a sake bin notuna, musamman masu riƙe sifirin mai falle-falle da gatari, domin sukan saki idan ƙarfe ya zauna.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne kafin saukar ruwan sama a watan Yuni, sannan a sake dubawa da kaka, kafin a fara lodin gero da wake zuwa kasuwa.