Yadda Salon Faransa Ya Sauya Zane A Kanada

A shekarar 1910 wata mata 'yar Kanada mai suna Emily Carr ta bar garin Bankuba ta nufi Faransa don ƙarin ilmin zane. Shekarunta sun kusa arba'in, kuma ta riga ta yi karatu a Amurka da Ingila. Amma ta ji labarin wani sabon salo da ya ɓulla a birnin Faris, ta ce sai ta gani da idonta.

A zamanin nan masu sayen zane a Kanada sun fi son irin na tsoffin gwanayen Turai, watau launi mai duhu-duhu, kome a daidaice kamar hoton kyamara. A Faransa kuwa an daɗe da wuce nan. Da farko an yi wasu da ake kira Imfireshinis, masu ƙoƙarin kama hasken rana yadda yake sauka kan abu. Daga bisani sai ga su Cézanne da Gauguin da Van Gogh, waɗanda suka ga aikin mai zane ya wuce kwaikwayon abin da ido ya gani. Sukan shafa fenti da kauri, su zaɓi launi mai ƙarfi, su rage ƙananan abubuwa don siffa ta fito. Wani Bature mai sharhi, Roger Fry, shi ya raɗa musu sunan “na bayan Imfireshinis” a wani nuni da ya shirya a Landan cikin 1910.

Wannan shi ne abin da Emily Carr ta tarar. Ta koya a hannun wani Ba'ingile, Harry Gibb, har aka karɓi zanenta biyu a babban nunin kaka na Faris a 1911. Bayan ta koma gida, a 1912 sai ta shiga ƙauyukan mutanen asali na gaɓar yamma, irin su Haida. Ta zana dogayen ginshiƙan itace da suke sassaƙawa da siffofin tsuntsaye da dabbobi, alamar zuriyarsu. Ƙauyuka da yawa sun riga sun zama kufai tun bayan annobar agana, ginshiƙan na ruɓewa a daji.

To, a nan wahala ta soma. Ta nemi gwamnatin lardinta ta sayi zane-zanen, aka ƙi, aka ce launin ya yi ƙarfi, bai dace da ajiyar tarihi ba. A 1913 ta koma garinsu Biktoriya ta buɗe gidan haya. Wajen shekara 15 tana hidimar 'yan haya, tana kiwon karnuka da ginin tukwane don ta ci abinci, zane sai jefi-jefi.

Ba ita kaɗai ta ɗanɗana wannan ba. John Lyman, wanda ya yi karatu a makarantar Matisse, ya baje aikinsa a Mantiriyal a 1913, jaridu suka yi masa ca, ya bar ƙasar bai dawo da zama ba sai 1931. James Wilson Morrice kuwa, wanda ya riga su zuwa Faris, a waje ya ƙare rayuwarsa. Ya yi zane a Tanja ta ƙasar Maroko lokacin da Matisse yake can, ya rasu a Tunis a 1924.

A Toronto ma wasu samari sun ɗauki salon, suka haɗa da abin da biyu daga cikinsu suka gani a nunin zanen ƙasashen arewacin Turai a Bafalo cikin 1913. Suka riƙa shiga daji da kwalekwale suna zana tafkuna da duwatsu da itatuwan da iska ta tanƙware. Wani ɗan jarida ya kwatanta aikinsu da fate mai zafi. Abokinsu Tom Thomson ya mutu a wani tafki a 1917, sauran suka kafa Ƙungiyar Mutum Bakwai a 1920.

A 1927 aka gayyaci Emily Carr wani nuni a Otawa. A wannan tafiya ta sadu da 'yan ƙungiyar, musamman Lawren Harris, wanda ya ƙarfafa mata gwiwa. Ta koma ga buroshinta tana da shekara 56, kuma yawancin zanen da aka fi saninta da su bayan nan ta yi su, kafin rasuwarta a 1945.

Abin lura shi ne, salon da aka ƙyamata don baƙo ne, da shi aka zana dazuzzuka da ƙanƙarar Kanada yadda 'yan ƙasar suka gane su. Yau akwai jami'ar koyon zane a Bankuba mai ɗauke da sunan matar nan da gwamnati ta ƙi sayen aikinta. Hausawa dai sun ce tafiya mabuɗin ilmi.