Idan mace ta riƙe usur: Wa zai horar da samarin Fakku?

A watan Fabrairun 2021, a birnin Yawunde na ƙasar Kamaru, ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta ƙasar Kenya ta doke ta Angola da ci 74 da 73. Duk wanda ya san wasan ya san girman wannan nasara, domin a lokacin Angola ta riga ta ɗauki kofin nahiyar Afirka har sau 11, ita kuwa Kenya rabonta da shiga gasar tun 1993. Wadda ta tsara wa zaratan mazan nan dabarun wasa a ranar mace ce, Liz Mills, 'yar ƙasar Ostireliya. Ita ce mace ta farko da ta jagoranci ƙungiyar maza zuwa gasar kofin Afirka ta ƙwallon kwando, kuma a 2022 ƙungiyar AS Salé ta ƙasar Maroko, wadda ita ma ta maza ce, ta ɗauke ta aiki.

Mai karatu na iya cewa wannan labarin wata duniya ne, ina ruwan biri da gada? Ruwan namu yana nan, domin tambayar da labarin ya ƙunsa za ta iya ƙwanƙwasa ƙofar kowace makarantar sakandare a Kudancin Jihar Sakkwato. A ce gobe Ma'aikatar Ilimi ta tura wata malama da ta karanci fannin motsa jiki da kiwon lafiya zuwa wata makaranta a Fakku da ke Ƙaramar Hukumar Kebbe, ko a cikin garin Tambuwal, sai ya zamana a duk malaman makarantar ita kaɗai ta san ƙa'idojin ƙwallon kwando. Shin za a miƙa mata usur ta horar da samari, ko kuwa za a bar su zaune a gindin bishiya har ranar da Allah Ya kawo namiji? Ra'ayina shi ne a miƙa mata, tare da sharuɗɗan da za su kare mutuncinta da na yaran.

Ya kamata mu fara da sanin aikin mai horarwa, domin da yawa daga cikinmu mun ɗauka ƙarfin damtse ne. A ƙwallon kwando 'yan wasa biyar ne a kowane ɓangare, ana yin zango huɗu na minti 10 kowanne, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da daƙiƙa 24 kacal ta jefa a kwando ko ta rasa damarta. Aikin mai horarwa shi ne ya koya wa yaro yadda ake buga ƙwallo a ƙasa yana gudu ba tare da ya kalle ta ba, da yadda ake miƙa wa abokin wasa, da lokacin da za a tsare mutum-da-mutum da lokacin da za a tsare yanki. Shi ne ke lura da wanda ya gaji ya canza shi, shi ne kuma ke neman ɗan hutu idan ya ga abokan karawa sun fara cin galaba. Wannan duk aikin ido ne da ƙwaƙwalwa da iya magana da yara. Shi kansa wanda ya ƙirƙiro wasan a 1891, James Naismith, malamin makaranta ne a garin Springfield na Amurka, wanda aka nemi ya samar wa ɗalibai abin da zai ɗebe musu kewa a lokacin sanyi. Ke nan tun asali wasan darasi ne, filinsa kuma aji ne da ba shi da rufi.

To, idan aji ne, me ya sa muke yarda malama ta tsaya gaban allo ta koya wa samari 'yan aji shida lissafi da Turanci da ilimin halittu, ta duba jarrabawarsu, ta hukunta mai laifi, amma da an ce ta fito fili sai a ce abin ya saɓa wa al'ada? Tarihinmu bai san wannan bambanci ba a fagen neman sani. Manyan sahabbai maza sun ɗauki ilimi daga Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. A nan ƙasar Sakkwato kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ban da tsarin 'Yan Taru da ta kafa domin ilimantar da matan karkara, ta yi musayar wasiƙu da malamai maza, kuma shugabannin daula sun girmama shawararta. Babu mai daidaita wasa da ilimin addini, amma ƙa'idar ɗaya ce: sani ana ɗaukarsa ne daga wanda yake da shi.

Misalin da ya fi kusa da yanayinmu yana Sudan. Salma al-Majidi, 'yar garin Omdurman, ta fara sha'awar aikin horarwa ne tana budurwa, lokacin da take kallon yadda ake horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantar ƙaninta. Ta fara da yara maza na ƙungiyar Al-Hilal, daga bisani ta riƙe ƙungiyoyin manya, ciki har da Al-Ahly ta garin Gadarif, garin da Hausawa da yawa suke zaune tun zamanin tafiya hajji a ƙasa. Hukumar FIFA ta amince cewa ita ce Balarabiya ta farko da ta horar da ƙungiyar maza. Da lulluɓinta take aiki, a cikin al'ummar Musulmi mai kishin addini kamar tamu. A ƙwallon kwando ma, tun 2017 hukumar wasan ta duniya, FIBA, ta janye dokar da ta hana sanya hijabi a fili, bayan fafutukar 'yan wasa irin su Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma 'yar Amurka.

Game da ƙwarewa kuwa, 'yar Nijeriya ta riga ta ba da amsa. Rena Wakama ta karɓi ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, a 2023, ta ci kofin Afirka a Kigali a shekarar, ta sake ci a Abijan a 2025. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 ƙungiyarta ta doke Ostireliya da Kanada, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, matakin da babu wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa. Mata ta horar, gaskiya ne, amma wane mahaifi ne zai ce ɗansa mai shekara 15 ya fi ƙarfin ya koyi wasa a hannun irin wannan?

Duk da haka, masu ɗari-ɗari da lamarin suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Samarin sakandare balagaggu ne, harshen mutane kuma ba ya da ƙashi, ƙaramin tsegumi na iya rusa auren malama ko ya ɓata mata suna. Akwai batun tafiya gasa zuwa Sakkwato ko wata jiha, da batun wurin canza tufafi, da na taimakon yaron da ya ji rauni. Maganin waɗannan tsari ne. A yi atisaye a buɗaɗɗen fili a cikin harabar makaranta, daga bayan La'asar a tashi kafin Magariba. A haɗa ta da malami namiji wanda zai kula da canza kaya da jinyar rauni da kwana a wurin gasa. A nemi amincewar ƙungiyar iyaye da malamai tun kafin a fara, a sanar da hakimi da limamin gari, ita kuma ta fito da yardar mijinta ko iyayenta. Wanda ya ce samari ba za su yi mata biyayya ba, ya tuna cewa yaro yana gane wanda ya san aikinsa cikin mako guda, kuma wanda ya raina malamarsa a fili, a aji ma raina ta yake yi. Wannan matsalar tarbiyya ce, shugaban makaranta ke da alhakin gyara ta.

Abin da ya sa maganar ta wuce ta wasa shi ne halin da matasan yankin suke ciki. Sassan Kebbe da maƙwabtanta sun ɗanɗana matsalar tsaro, ga zaman banza bayan an kawar da amfanin gona, ga ƙwayoyi da suka shiga ƙauyuka. Yaron da aka tashi daga makaranta da azahar, ba shi da abin yi har dare, wani ne zai samar masa abin yi, kuma ba lallai ne mutumin kirki ba. Ƙwallon kwando na da sauƙin kafawa: filinsa mita 28 ne a tsawo da 15 a faɗi, bai kai kashi ɗaya cikin goma na filin ƙwallon ƙafa ba. Akwai ma nau'in 'yan uku-uku da ake yi a rabin fili da kwando ɗaya, wanda ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo. Daɓen siminti da ƙarfe biyu da ƙwallaye kaɗan ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba. Abin da kuɗi ba sa saya cikin sauƙi shi ne mutumin da zai zo kullum ya koyar.

Arewa ta ga abin da mai horarwa ɗaya kan iya haifarwa. A Zariya, Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello, shi ya raini Masai Ujiri, wanda ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ba kowane yaro ne zai kai can ba, amma kowane yaro zai iya koyon zuwa a kan lokaci, da haƙuri idan an sha kaye, da aiki tare da wanda ba ɗan unguwarsu ba.

Saboda haka kira na ga Ma'aikatar Ilimi da ta Matasa da Wasanni ta Jihar Sakkwato su binciko malaman da suka karanci wannan fanni a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da sauran makarantu, maza da mata, su tura su ƙarin horo, su raba su har makarantun karkara. Shugabannin makarantu kuma, idan za su ba da ragamar ƙungiya, su tambayi wa ya iya kafin su tambayi wane ne. Iyaye su je fili su gane wa idonsu, domin gani ya kori ji. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba yankinmu zaman lafiya.