Ƙanƙarar Kudancin Duniya da Gonar Alkama a Kura

Duk manomin alkama a Kura ko Bunkure ya san hunturu ne jarinsa. Idan sanyi ya ɗauke da wuri, zafi ya sauko tun alkama na cika ido, sai ka ga zangarniya ta fito fayau, buhunan da aka yi wa lissafi su ragu. Mutane da yawa ba su san cewa akwai masu kwana cikin ƙanƙara a ƙarshen duniya suna bin diddigin wannan zafi ba.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce kaɗai ke da irin wannan shirin bincike a Antaktika. Tana cikin ƙasashe 12 da suka fara rattaba hannu kan yarjejeniyar Antaktika a 1959, wadda ta keɓe nahiyar ƙanƙarar don bincike da zaman lafiya. Tasharta, SANAE IV, an gama gina ta a 1997 a kan wani tsauni da ya leƙo daga cikin ƙanƙara, an ɗora ta bisa ginshiƙai don kada dusar ƙanƙara ta binne ta kamar waɗanda suka gabace ta. Mutum goma ko kusa da haka ne ke shafe fiye da shekara a can, har da makonnin da rana ba ta fitowa sam. Jirgin ruwansu, S.A. Agulhas II, wanda aka ƙera a Finlan ya fara aiki a 2012, shi ke fasa ƙanƙara ya kai musu abinci, mai da kayan awo, ya kuma leƙa tashoshinsu na tsibiran Marion da Gough.

Me ake tonowa a Antaktika? Masana na ƙasashe daban-daban suna haƙa ƙanƙara mai zurfin kilomita uku, su zaro ta sanda-sanda. A cikinta akwai ƙananan kumfa na iskar da ta maƙale tun zamanin da, kamar hatsin da aka adana a rumbu. Daga nan aka gano cewa cikin shekaru 800,000 iskar kabon ba ta taɓa wuce kashi 300 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420. Ita ce ke riƙe zafi a sararin samaniya.

Wannan zafi zai iya shafar ruwan gona ma. Ruwan da ke bin kanal zuwa gonakin Kadawa daga dam ɗin Tiga yake zuwa, wanda aka kammala a 1974, bayan farin da dattawa har yau ba su manta ba. Tiga kuwa damina ke cika shi, daminar kuma iskar tekun Atilantika ke kawo ta. Masana sun yi gargaɗin cewa idan ƙanƙarar Girinlan, a can arewacin duniya, ta narke da yawa, ruwanta zai iya rage ƙarfin igiyoyin tekun, damina ta ja baya a Sahel.

Awon da waɗancan tashoshin bincike ke aikowa yana shiga cikin lissafin yanayi na duniya, irin wanda hukumar kula da yanayi ta NiMet ke amfani da shi wajen fitar da hasashenta a farkon kowace shekara. Don haka, ya ku manoma, ku nemi hasashen nan wajen malaman gona ko a rediyo. Ku shuka alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, kada ku kai ta ga zafin Maris. Ku yashe kanal, ku daina barin ruwa na malala a banza.