Ba Ƙwayar Asibiti Ce Ta Zubar Da Faratan Gwaggo Ba

Saƙon murya ne na kusan minti huɗu, ya faɗo zauren WhatsApp na danginmu wata Lahadi, ranar kasuwar Dambatta. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, balle inda ya koyi aikin lafiya. Cewa ya yi duk wanda bororo ke fito masa a baki da jiki, faratansa kuma suna zubewa, to wata sabuwar kuturta ce, ana ɗaukar ta a kwanon abinci, kuma haɗa kifi da nono ke tayar da ita. Sai ya rufe da abin da ya hana ni barci: wai ƙwayar asibiti ce ke cinye farce, mai sha ya watsar da ita yau-yau. Kafin magariba wani ya kai wa Gwaggona wayar har ɗaki ya kunna mata.

Wata biyar ke nan Gwaggo na fama da wani ciwo. Daga baki ya fara, gyambo a dasashi da cikin kumatu, har tuwo ya gagare ta sai kunu mai sanyi. Daga baya bororo ya bazu a baya da ƙirji, mai taushi, da an taɓa ya fashe, zani ya manne a wurin. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka yanki ɗan guntun fatarta aka duba, aka ce femfigus ne. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta far wa sinadarin da ke liƙe ƙwayoyin fata da juna, sai fatar ta rabu, ruwa ya taru. Tun 1964 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beutner da Jordon, suka gano sojojin garkuwar jiki masu yin wannan ɓarna a jinin masu ciwon.

Don haka ba a ɗaukar sa, ko a kwano ko a shimfiɗa. Kifi da nono ba ruwansu. Kuturta kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, da tabo mai haske da mutuwar jin taɓi take zuwa, kuma asibitin kuturta na Yadakunya na nan ga mai shakka. Waɗannan ba su ɗauki lokacina ba.

Maganar ƙwaya ce mai kisa, kuma na san dalilin da ya sa ta shiga kunnen mutane. Gwaggo ta fara shan firednisolon, bakinta ya lafa, bororon ya bushe. Bayan kamar mako shida tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, farcen babban yatsanta ya ɗago daga gindi kamar ɓawon gyaɗar da ke hannunta. Cikin sati biyu wasu uku suka bi. Ta ce min, "Ɗan nan, lokacin da ciwon ke cina faratana ƙalau suke. Sai da na fara ƙwayar nan." Abin da idonta ya gani ta faɗa, ba zan ga laifinta ba.

Sai dai farce ba ya ba da labari a kan kari. A ƙarƙashin fatar gindinsa ake ƙera shi, kuma na hannu kimanin milimita 3 kawai yake tafiya a wata. Idan ciwo ya tsananta, ko ya kama fatar da ke kewaye da farcen ta kumbura ta yi ja kamar karkare, ƙirar na tsayawa na ɗan lokaci. Ba a ganin komai a ranar. Sai bayan makonni, da sabon farce ya turo, ake ganin wani kwari a gicciye, ko kuma tsohon ya rabu daga gindi ya faɗi. Ɓarnar ta faru ne lokacin da Gwaggo ke kwance ba ta iya haɗiye yawu. Ta bayyana ne kawai a lokacin da take shan magani. Zazzaɓi mai tsanani ma yakan bar irin wannan kwari a farce, ba tare da an sha firednisolon ba.

Watsar da ƙwayar farat ɗaya kuwa haɗari biyu ne. Ciwon na iya dawowa da ƙarfi, kuma fatar da ta saɓule ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta. Kafin zuwan irin wannan magani wajen 1950, yawancin masu femfigus ba sa tashi. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Akwai wasu 'yan halittu a saman ƙoda da ke samar da sinadari irin na ƙwayar. Idan mutum ya yi makonni yana sha, sai su rage aiki. Aka yanke kwatsam, jini na iya faɗuwa, ga amai da kasala, har suma. Shi ya sa likita ke ragewa kaɗan-kaɗan. Wanda ya naɗi saƙon nan bai san wannan ba, ko ya sani bai damu ba, kuma waɗanda suka tura shi ba su tsaya tambayar kowa ba alhali sun san akwai mai sha a gidan.

Akwai gaskiya a gefen maganarsa, ba zan ɓoye ba. Firednisolon na da illa: fuska na kumbura, suga da hawan jini na iya tashi, ƙashi na raunana idan an daɗe. Saboda haka ake awo, ake kuma haɗawa da wani magani don a samu rage shi. Saboda haka ne ma sayen sa ko ɗan'uwansa deksa a kemis ba da takardar likita ba ganganci ne. Sannan akwai wani ciwon daban, wanda magani ne da kansa ke jawo shi: mutum ya fara sabuwar ƙwaya irin Septrin ko Fansidar, cikin kwanaki ko 'yan makonni zazzaɓi ya rufe shi, ido ya yi ja, leɓe ya fashe, fata ta riƙa saɓulewa, daga baya farce ma ya zube. Wannan a tsayar da ƙwayar, a nufi asibiti a ranar. Rarrabe su aikin wanda ya duba majiyyaci ne da idonsa.

Ko faratan kowa za su dawo daidai, ba zan yi alkawari ba. Yawanci suna dawowa idan ciwon ya kwanta, na hannu cikin kamar wata shida, na ƙafa shekara ko fiye. Amma idan gefen farce ya sake kumbura yana ruwa bayan an samu sauƙi, a gaya wa likita da wuri, don wani lokaci shi ne ke riga bororon dawowa.

Bayan ta ji saƙon nan, Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta sha ƙwayar ba kafin mu ankara. Muka kira likitanta ya faɗi yadda za ta ci gaba. Jiya na riƙe hannunta na duba: sabon farcen babban yatsan ya kai rabi, siriri, da kwarin nan a bakinsa. Ta ce in bar mata hannu, wake take tsincewa.