Awon Jinin Maki da Ma'aunin da Ake Gwada Shi da Shi

Maki wata dabba ce dangin biri wadda asalinta kudu da kudu maso yammacin tsibirin Madagaska. Ana shaida ta da dogon bindinta mai zobba baƙaƙe da farare. Linnaeus ya raɗa mata sunan Lemur catta a shekarar 1758. Nauyinta a daji bai wuce kilo 2 da ɗan ɗoriya ba, kuma tsamiya tana cikin manyan abincinta. Tun 2014 ƙungiyar IUCN ta lissafta ta cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, saboda sarar daji da farauta da kamu don kiwo a gida.

Dabbar daji takan ɓoye ciwonta har ya ci ƙarfinta. Saboda haka likitocin dabbobi sukan sa wa maki maganin barci, su ɗebi jini, galibi daga jijiyar cinya. Ana ƙidaya jajayen ƙwayoyin jini da farare, kana a auna sukari da ƙarfe da sinadaran da ke nuna aikin hanta da ƙoda.

Amma fa adadin da awo ya bayar ba ya nuna kome shi kaɗai, sai an gwada shi da ma'auni. Yadda ake kafa ma'aunin kuwa shi ne a auna jinin dabbobi masu lafiya da yawa, a jera sakamakon, a riƙe kashi 95 cikin 100 na tsakiya, a bar na gefe biyu. Ƙa'idar da aka fi bi ta nemi dabbobi 120 ko fiye. Watau ko cikin masu lafiya, ɗaya cikin 20 za ta faɗa wajen iyaka.

To, a nan wahalar take. Yawancin alkaluman da ake da su daga makin gidajen ajiye namun daji suka fito, da wurare irin su Cibiyar Lemur ta Jami'ar Duke a Amurka, wadda aka kafa a 1966. Makin da ke tsare yana samun abinci kullum, sau da yawa 'ya'yan itacen lambu masu zaƙi, har ƙiba da ciwon sukari su kama shi. Na daji kuwa yana fama da dogon rani da ƙarancin ruwa, abin da kan sa jini ya yi kauri. Firgicin kamu ma yakan ɗaga sukari, ya sauya yawan fararen ƙwayoyi. Wannan ya sa aka bi makin har gida aka auna shi, a Tsimanampetsotsa da Beza Mahafaly, domin a sami ma'aunin daji.

Amfanin wannan aiki a fili yake. Akwai cutar toksoplasma wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa, tana kashe maki cikin 'yan kwanaki, kuma hanta tana cikin sassan da take ɓatawa. In ma'auni ya yi faɗi da yawa, sai a sallami mara lafiya. In ya yi ƙunci, sai a ɗora wa lafiyayye magani. Lalle ne mai karanta sakamakon awo ya fara tambaya: wane maki aka auna, a ina, a wane lokaci na shekara, da wane maganin barci kuma.