Majigi A Cikin Aji

Bara, sa'ad da aka aike mu gwajin koyarwa, na ɗauki wani bidiyo na shiga aji biyar don in koya wa yara yadda sauro ya ke kawo zazzaɓi. Ban dube shi tukuna ba, sunansa kaɗai na gani ya yi mini daidai. Ashe Baturen da ke bayani a ciki sauri ya ke yi kamar ana korarsa, ga shi da tsawo, har aka buga ƙararrawa bai ƙare ba. Da na tambayi yara abin da suka gani, sai wani ya ce, "Malam, sauron Turai ƙato ne, ya kai zakara!"

Ran nan hedimasta ya kira ni ofis, ya bayyana mini dokar makarantar. Ba a nuna wa yara kome sai malami ya kalle shi daga farko har ƙarshe, ya rubuta shi cikin shirin darasinsa, hedimasta ya sa hannu. Da farko na ɗauka tsanani ne kawai. Yanzu kuwa na ga dalili, gama wanda bai san abin da ke gaba ba, ina zai san inda zai tsaya?

Tsayawar nan ita ce babban aiki. Magabatanmu sun san wannan. A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya majigi domin ƙasashen da ta ke mulki, ƙarƙashin William Sellers, wanda dā ma'aikacin lafiya ne a Ikko. Motocin majigi su kan zaga garuruwa, amma ba a sakin hoto shi kaɗai. Akwai tafinta tsaye da lasifika yana bayani cikin harshen mutanen wurin. To, malami shi ne tafintan ajinsa. Da na tsai da hoton nan na ce musu, "An ƙara girmansa ne don ku ga bakinsa," da ba a kai ga zakara ba. Minti goma sun isa, sa'an nan a kashe, a yi tambayoyi, yara su rubuta.

Batun shekaru ma yana cikin dokar. Tun 1993 akwai hukumar tace fina-finai ta Nijeriya, wadda ta ke sa wa fim lamba, watau 15 ko 18 da sauransu. Fim mai irin wannan lamba ba ya shiga firamare ko kusa. Abin da aka ɗauko daga intanet kuwa ba lamba gare shi, sai idon malami. A sauke shi tun a gida, kada talla marar kyau ta faɗo gaban yara.

Wani abu kuma, a shirya darasin allo a ajiye. Sau biyu wuta ta ɗauke mini ana tsakiyar kallo, na biyun dai da alli a aljihuna.