Ko Ka Sani? Dodon Motocin Japan Da Ake Jiran Dawowarsa

Ranar 26 ga Agusta, 2025, aka fito da mota ta ƙarshe ƙirar GT-R R35 daga masana'antar Nissan da ke Tochigi a ƙasar Japan. Launinta shunayya mai duhu, kuma wani ɗan ƙasar ne ya saye ta. Shekara 18 aka yi ana ƙera wannan samfuri, tun daga 2007, aka fitar da kimanin guda 48,000. A duniyar motoci wannan tsawon rai ne mai ban mamaki, domin yawancin samfura ba sa wuce shekara shida ko bakwai kafin a sauya su. Shugaban kamfanin, Ivan Espinosa, ya ce wa masoyanta su yi haƙuri, GT-R za ta dawo, amma bai sa rana ba. Tun daga lokacin mutane suke ta hasashe: yaya sabuwar za ta kasance, kuma me za ta sha, fetur ko lantarki?

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata a san abin da ake kuka a kansa. Sunan GT-R ya fara ne a 1969, a jikin wata mota ƙirar Skyline mai ƙofa huɗu. Amma samfurin R32 na 1989 ne ya ɗaga sunan. Ya shiga gasar tseren motoci ta Japan sau 29 tsakanin 1990 da 1993, ya cinye duka 29 ɗin, ko sau ɗaya ba a sha gabansa ba. Wata mujallar Ostareliya mai suna Wheels ce ta laƙaba wa motar Godzilla, wato dodon nan na finafinan Japan mai fitowa daga teku yana tattake birane. Sunan ya bi ta har yau.

Injin R35 kuwa silinda shida ne, lita 3.8, da turbo biyu masu cusa masa iska. Ba na'ura ke harhaɗa shi ba. A lokacin da ake ƙera motar, a masana'antar Yokohama akwai wani ɗaki da ake tsare shi daga ƙura kamar ɗakin tiyata, a nan gwanayen da Japanawa ke kira takumi suke aikinsu. Mutum ɗaya ne zai ɗauki inji tun daga farko har ƙarshe, ya sa fistin, ya gwada tazarar bawul da hannunsa, ya ɗaure kowane noti. Daga baya aka fara manna ɗan faifan ƙarfe mai ɗauke da sunansa a jikin injin. Wanda ya sayi motar, da ya ɗaga bonet zai ga sunan wanda ya haɗa masa inji. Mutum tara ne kacal suka yi wannan aiki a duk shekarun nan. Injin ya fara da ƙarfin doki 480, aka yi ta gyara shi har ya kai 600 a samfurin Nismo.

To, hotunan "sabuwar GT-R" da ke yawo a wayoyi, galibinsu zanen masu sha'awa ne a kwamfuta, ba daga kamfani suka fito ba. Abin da Nissan ta nuna da kanta shi ne wata motar gwaji mai suna Hyper Force, a bikin baje kolin motoci na Tokyo a watan Oktoba na 2023. Jikinta duk kusurwoyi, da ƙaton fiffike a baya, da fitilun baya huɗu masu zagaye, waɗanda duk mai ido ya san tambarin gidan GT-R ne. An ce lantarki zalla za ta yi amfani da shi, da ƙarfin kilowat 1,000, wato sama da doki 1,300. Sai dai motar baje koli kamar amarya ce ranar buɗar kai. Kwalliyar ranar daban, zaman gida daban.

Mutane da yawa suna ɗauka matsalar motar lantarki ita ce rashin gudu. Ko kusa. Injin fetur sai ya ɗauki zafi, juyawarsa ta hau, giya ta shiga bayan giya, sannan ƙarfinsa ya fito. Na lantarki kuwa da ka taka totur yake ba ka duk abin da yake da shi nan take. Rimac Nevera, wadda ake ƙerawa a Kuroshiya, tana kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Babu GT-R ɗin da ta taɓa fitowa daga masana'anta da za ta kama ƙurarta a miƙaƙƙiyar hanya.

Inda gizo ke saƙar shi ne nauyi. Tankin R35 yana cin lita 74, wanda nauyinsa bai wuce kilo 55 ba, kusan buhun siminti ɗaya da 'yan kai. Ko da yake injin fetur yana ɓarnatar da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin man a zafi da hayaƙin salansa, abin da ya rage ya fi abin da batirin Nevera ke ɗauka gaba ɗayansa. Shi kuwa batir mai girma irin na manyan motocin lantarki, nauyinsa yakan kai rabin tan. Shi ya sa Nevera ta kai kusan kilo 2,300, alhali R35, wadda tun fitowarta ake mata gorin ƙiba, tana wajen 1,750. Ga kuma wani abu: fetur yana raguwa ana tafiya, mota na ƙara sauƙi. Batir kuwa ko ya cika ko ya mutu, nauyinsa na nan daram.

A miƙe wannan nauyi ba ya damun kowa. A kwana ne ake gane shi. Birki ne zai tsayar da shi, taya ce za ta riƙe shi kada motar ta zame, kuma dukansu suna ɗaukar zafi. Batirin ma haka: in aka matsa masa da gudu na 'yan mintoci, sai ya yi zafi, kwamfutar motar ta rage masa ƙarfi don kada ya lalace. A nan ne zancen ya shafi GT-R kai tsaye, domin ita a filin Nürburgring na Jamus ta yi suna, hanyar tsere mai tsawon kusan kilomita 21, cike da hawa da gangara da kwanoni. A 2013 samfurin Nismo ya zagaye ta cikin minti 7 da daƙiƙa 8. Mai sayen irin wannan mota yana so ya zagaya, ya sake zagayawa, ya tsaya minti biyar ya sha mai, ya koma. Motar da za ta yi zagaye ɗaya ta hau haki, sannan a jona ta a jira, ba ita yake nema ba.

Batir yana sauya har da siffar mota. In aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin kujeru, kamar yadda ake yi wa motocin iyali, direba zai ɗago sama, rufi ma ya ɗago, motar ta rasa kwanciyar nan tata kamar damisa mai shirin tsalle. Don kauce wa haka ne Porsche ta jibge batirin motar gwajinta Mission R ta 2021 a bayan kujerar direba, inda inji ya saba zama.

Sai maganar ƙara, wadda wasu ke ɗauka wasa ce. Ba wasa ba ce. Direban tsere da kunne yake sanin lokacin sauya giya. Hyundai ta gane haka, shi ya sa Ioniq 5 N, wadda lantarki ce zalla, take fitar da rurin inji ta lasifika, har tana ɗan fizgar mutum kamar ana canza giyar da babu ita. Dabara ce mai kyau, amma ni dai ban ga mai GT-R da zai yarda a ruɗe shi da lasifika ba.

A ganina, hanyar da ta fi kusa ita ce haɗin gambiza, fetur da lantarki tare. Porsche ta riga ta nuna yadda ake yi a 2024 da samfurin 911 GTS: ɗan ƙaramin batir, da na'urar lantarki a cikin giya, da wata a jikin turbo mai juya shi tun kafin hayaƙi ya taru. Duka ƙarin nauyin bai wuce kilo 50 ba. Akwai kuma batun aljihu. Nissan ta yi asarar kusan yen biliyan 671 a shekarar kuɗi ta 2024, ta sanar da rage ma'aikata 20,000 da rufe masana'antu bakwai. Kamfanin da ke cikin wannan hali motocin da za su biya albashi zai fara sa wa gaba.

Abin da zai iya juya lissafin shi ne sabon nau'in batir wanda babu ruwan sinadari a cikinsa, sai daskararren abu. Ana sa ran zai ɗauki wuta mai yawa a ƙaramin jiki, ya jure zafi, ya kuma cika da wuri. Shi aka ce Hyper Force za ta ɗauka. Nissan ta sa wa kanta shekarar kuɗi ta 2028 don fara sa shi a motocin sayarwa, kuma layin gwajin ƙera shi yana cikin masana'antar Yokohama, wurin da takumi tara suka yi shekara 18 suna harhaɗa injin R35 da hannu.